Sa Hannu Biyu a Ƙasan Shafi

Wendelbronn, Maris

Ƙanena Volker,

Gaisuwa daga garin da ka taɓa cewa agogon cocinsa ma gyangyaɗi yake yi. Ina fata kana lafiya, kai da hawan jininka da wannan gashin naka da ka hana shi furfura ƙarfi da yaji. Ni dai gwiwar hagu ce take ba ni labarin ruwan sama kafin rediyo. Gwaggo Mechthild tana gaishe ka. Ta ce in tuna maka kakarka da tawa ciki ɗaya suka fito, ko da yake rabon da ta ga alamar hakan tun jana'izar mijinta.

Na san za ka yi dariya ka tarar da wasiƙar hannu a cikin akwatin kundaye, kai da Ma'aikatar Shari'a ta ɗora wa aikin kwashe rajistar filayen ƙananan kotuna kaf a zuba a kwamfuta. Ka yi haƙuri da ni. Tunda motarku tana zuwa duk wata ta ɗebi littattafaina, gara ta yi mini aikin masinja.

Ranar da kashin farko ya tafi na tsaya a ƙofar kotu har motar ta sha kwana. Direban ya leƙo ya ce, "Malam, ka saki fuska mana, takarda muka ɗauka ba gawa ba." Na ce masa ya dai tafi a hankali, akwai gonakin mutane a bayansa.

To, takardar karɓa ta dawo, kuma ita ce dalilin wannan wasiƙa. A ƙasanta sa hannu biyu ne: naka a hagu, na matata Gerlinde a dama.

Ka daɗe da barin tebur ka koma ɗakunan taro, bari in tuna maka. A kundin filaye babu abin da yake zama doka, saye ne ko gado ko jingina, sai mutum biyu sun sa hannu, jami'in rajista a hagu, magatakarda a dama. Fiye da shekara ashirin ni ne hagu, Gerlinde ce dama. Haka muka fara tun kafin aure. Ranar ɗaurin auren ma da aka miƙo mana littafi, ba sai da aka nuna wa kowa gurbinsa ba. Yanzu sabon tsarinku ya ce a kwamfuta mutum ɗaya ya isa, da kati da lambar sirri. Na ji. Na kuma yarda aka ba ku aron matata wata shida, don ta fi ni jituwa da na'ura.

Ba ƙorafi nake yi ba. Abu ɗaya kawai na lura da shi. A kundayena, wutsiyar sa hannunta takan karkato hagu ta taɓa sunana. Duk shekarun nan na ɗauka don ni ne. Yau na ga ta karkato ta taɓa naka. Ashe haka hannunta yake.

Ka ce mata furannin taga suna nan da ransu.

Yayanka,
Ottmar

*

Markfurt, Afrilu

Yaya Ottmar,

Na samu wasiƙarka tsakanin kundi na tara da na goma, sai warin ɗakin ƙarƙashin ƙasa take. Lafiyata ƙalau, likita ya ce in rage gishiri da taro, na rage gishiri. Allah ya sauwaƙe gwiwa. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata ina tafe da bazara.

Kai dai ba ka canza ba. Mutum ya zauna da gilashin ƙara girma yana auna wutsiyar sa hannu! Gurbin takardar ne ƙarami, Yaya, ni ban zana ta ba.

Amma tunda ka kawo zancen Gerlinde, dole in gode maka. Matar nan ita ce ginshiƙin Cibiyarmu ta kwashe rajista. Yaran da ke ɗaukar hoton shafuka ba sa iya karanta tsohon rubutu, ita kuwa kallo ɗaya take yi ta ce wannan hanyar shanu ce ba magudanar ruwa ba. Sau da yawa kowa ya watse sai ni da ita muna gwada hoto da asali. Gaskiya ban san yadda zan yi ba ranar da za ta tafi, kuma ina neman hanyar da ba za a kai ga wannan ranar ba.

Ga yadda abin yake: za a buɗe kujerar dindindin ta shugabar sashen tantancewa, na kuma ce mata tata ce in tana so. Ta ce ba za ta ba ni amsa ba sai kundin ƙarshe na Wendelbronn ya bi ta hannunta. Don haka ina roƙonka, ka hanzarta. Sauran kotuna sun kai rabi, kai kana ba mu akwati uku-uku kamar mai rabon magani. Da zarar naka sun ƙare za a rufe rajistarku, a maida ɗakin wurin ajiyar kujeru, kai kuma ka zaɓi fansho ko canjin wuri. Ka san wannan tun bara.

Naka,
Volker

*

Wendelbronn, Mayu

Ranka ya daɗe shugaban Cibiya,

Barka da rage gishiri. Gwiwa da sauƙi, tunda babu wanda ke tambayarta ta daina neman suna.

Na karanta wasiƙarka sau da dama, kamar yadda nake karanta takardar wasiyya idan magada sun cika murmushi. "Kowa ya watse sai ni da ita." "Ina neman hanyar da ba za a kai ga wannan ranar ba." Na karanta tarihin sarakuna da yawa, Volker, kuma duk wanda ya ci garin wani da irin wannan lafazin yake fara aiko da jakada.

Ranar Lahadi ta bugo waya. Ga hirarmu, ka sa a kwamfutarka:

"Ottmar, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Me ka ci?"

"Burodi da tarihin Rumawa."

"Allah ya shirye ka. Akwai miya a firji tun zuwana, ka zubar da ita kafin ta fara magana."

"An ce za a ba ki kujera."

"An ce. Ni ban ce ba."

"To me za ki ce?"

"Turo kundin ƙarshe ka ji."

Daga nan ta koma zancen na'urar ɗaukar hoto mai buɗe shafi da kanta, da murya irin wadda ban ji ta yi ba tun da muka sayi gidan nan.

Game da jinkiri, kana da gaskiya, amma akwai dalilai. Kundayen Unguwar Maƙera sun sha danshi, sai sun bushe. Na gonakin inabi ɗinkinsu ya saki, ba zan bar su su hau mota haka ba. Sannan ga wata matsala da na rubuta wa Ma'aikata a kanta. Ka san a rajista ba ma goge komai. Abin da ya daina aiki, jinginar da aka biya ko haƙƙin wanda ya mutu, jan layi muke ja a ƙarƙashinsa: kowa na iya karantawa, amma ba shi da sauran ƙarfi. Na ga samfurin da kuka aiko, jan layin ya fito baƙi. Har sai an gamsar da ni a kan wannan, akwati biyu za ka samu wannan watan.

A gidan benenmu karɓa-karɓa ake sharar matakala, makon ya zagayo kanmu. Ina cikin yi sai ga Uwargida Häberle ta saman bene, ta tsaya ta duba lungun da na wuce. Ta ce, "Har yanzu kai ne da tsintsiya, Malam Kienzle? Kai, birni da daɗi." Na ce mata aikin gwamnati ne. Ta ce, "Haka mijin ƙanwata ya ce."

Ottmar

*

Wendelbronn, Yuli

Volker,

Ina fata kana raye, don motarku ta zo sau biyu babu amsa a cikinta. Ni lafiyata lau, in ka damu. Bazara ta zo, Gwaggo ta yi kek ta jira ka, mu muka cinye.

Gerlinde ba ta zo gida ba tun farkon Yuni. Ta ce aiki ya yi yawa. Na kuwa ga aikin, don mujallar Ma'aikata ta iso: ga ka nan a shafi na biyu, ga na'urarku, ga matata tana dariya, ga hannunka a kafaɗarta. Magatakardan alƙali ya kawo mini har tebur, wai ko ban gani ba.

Tunda ka fi gane abu a jere, ga shi na shigar maka kamar yadda ake shigarwa a kundi.

Na ɗaya: kai ɓarawon littattafai ne mai takardar izini.

Na biyu: tun muna yara, duk abin da ka gani a hannuna sai ya fi naka kyau. Ka tuna kekena da ka ara a gidan Gwaggo ka dawo da shi ba ƙararrawa. Ka samu muƙami, ka samu mota da direba, ka samu hotonka a mujalla, duk ban ce uffan ba. Abu ɗaya nake da shi da ba ka da irinsa.

Na uku: tsakanin hannunka da kafaɗar matata, ka riƙa barin tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da iyakar maƙwabci.

Sauran kundaye kuwa suna nan. Ba danshi, ba ɗinki, na gaji da ƙirƙira. Muddin akwai kundi ɗaya a ɗakin nan ba za a rufe shi ba, kujerarta tana nan a damana da matashinta da kofinta, kuma ba ta da amsar da za ta ba ka. Ka kai ƙarata inda ka ga dama. Na san alƙalan, ni na yi wa gidajensu rajista.

O. Kienzle

*

Markfurt, Satumba

Yayana na kaina,

Ka yafe mini shirun nan. Na'urorinmu ne suka kwanta mana a tsakiyar bazara, muka yi makonni muna lallashinsu. Lafiyata ba ta taɓa kyau irin na bana ba. Ina fata gwiwa ta bar ka ka yi barci.

Na ga abubuwanka uku, na kuma ajiye wasiƙar wuri mai kyau. Zancen ƙararrawa gaskiya ne.

Game da kundaye, ka kwantar da hankalinka. Na yi tunani na ga ni ne na matsa maka ba dalili. Kada ka gaggauta ko kaɗan. Ka shanya su, ka ɗinke su, ka karanta su daga farko in kana so. Na rubuta wa Ma'aikata cewa tunda aikin Wendelbronn bai ƙare ba, ba zai yiwu a saki Gerlinde ba, sun kuwa ƙara mata wa'adi har bayan Kirsimeti. In ka kai bazara mai zuwa, sai in sake rubutawa. Duk watan da ka riƙe kundi, wata guda ka ba ni, kuma ban san da bakin da zan gode maka ba.

Ta saba da garin sosai. Ranar Lahadi mukan zaga bakin tafki. Ta gasa kek ɗin tuffa irin wanda ka sani, ban taɓa cin kamarsa ba. Ta kuma ce in daina rina gashina, furfura za ta fi yi mini kyau. Na daina. Kowa sai yabawa yake.

Ka huta, Yaya. Babu mai korar ka.

Volker

*

Wendelbronn, ranar da wasiƙarka ta iso

Volker,

Lafiya lau. Kada ka turo mota. Na ari motar mai gidan burodi, kundayen duka suna ciki har na ƙarshe, ni zan kawo su da kaina ranar Alhamis. Ka tanadi takardar karɓa. Ka kuma nemi hula.

O.

*

Markfurt, Oktoba

Yaya Ottmar,

Ina fata kun isa gida lafiya, kuma motar burodin ba ta ƙarasa maka gwiwa ba. Har yau ɗakin ajiyarmu ƙamshin burodi yake, ma'aikata suna ta jin yunwa ba su san dalili ba.

Ka shigo ranar nan ba ka gaishe ni ba sai da ka gama duba kaina, don haka ban samu damar faɗa maka wannan ba. Wasiƙar Satumba ba ni na tsara ta ba. Gerlinde ce ta tsaya a kaina tana faɗa ina bugawa. Na ce mata, "Wannan ai sai ya kashe shi." Ta ce, "Ba zai mutu ba, mota zai nema. Sa zancen kek ɗin." Kek ɗin na ofis ne gaba ɗaya, yanka ɗaya na samu. Tafki kuwa mu bakwai muke zuwa, har da mai gadi. Zancen gashi ne kaɗai nata na gaskiya, kuma ba da daɗin baki ta faɗa ba.

Amma kada in yi maka ƙarya: da aka ƙara mata wa'adi na ji daɗi, kuma ba don aiki kaɗai ba. Ba abin da kake zato ba ne, ko kuma ba duka ba. Ka san kundayen garinku ni da ita muka tantance su shafi-shafi. Wata da watanni ina zaune ina kallon sunanka da nata a jere, ƙarƙashin gidan wannan, ƙarƙashin gonar wancan, tawada tana canzawa, hannunka yana ƙara rawa, su biyun suna nan. Sai in tashi in koma gida in kunna fitila da kaina. Ka ce duk abin da ke hannunka yakan fi nawa kyau. To wannan karon ba ƙarya ka yi ba. Ni na rubuta tsarin da ya ce mutum ɗaya ya isa, Yaya, kuma ni ne mutum ɗayan.

Ta ba ni amsarta kafin ku tafi. Na san ta gaya maka a hanya. Ban san abin da kai ka ce ba.

Ƙanenka,
Volker

*

Wendelbronn, Nuwamba

Ƙanena Volker,

Mun iso lafiya. Gwiwa ta kumbura kwana biyu, ta samu mai tambayarta ta sangarce. Gwaggo ta ce tunda ka yi furfura yanzu ta yarda kai ɗan dangi ne. Ka kula da jininka, ka kuma zo Kirsimeti, akwai kujera. Ta ƙarshen tebur.

Ka ce ba ka san abin da na ce ba. Ai ba a bar ni na ce da yawa ba.

Bayan ka fita wai ana kiranka a waya, alhali wayar tana kan tebur, ta turo mini takardar karɓa. Tunda ni na kawo kayan da hannuna, gurbin hagu nawa ne. Na sa hannu. Ta sa nata, wutsiyar ta karkato ta taɓa sunana. Na ce, "Na sani yanzu, haka hannunki yake." Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Sakarai. Kafin in san ka a miƙe nake sa hannu. A gefenka ya karkace, yanzu ko takardar wanki ce haka yake fita." Ban duba ba. Na san na'urarku za ta nuno mini shekararta ta farko kafin in ƙifta ido, shi ya sa ban duba ba.

A hanya ita ta karɓi tuƙi. Sai da muka bar gari ta ce, "Na karɓi kujerar."

Na juya ina kallon gonakin da ban san masu su ba.

Ta ce, "Ka ji ko?"

Na ce, "Na ji. To da na riƙe kundin fa?"

"Da ka riƙe kujera da kofi. Ottmar, shekara ashirin ina kwafe abin da ka yanke. Yanzu ni ake tambaya, kuma ina so. Wata nawa ina jira ka tambaye ni ko ina so, kai kana can kana rubuta wa Volker wasiƙa."

"To ni fa?"

"Na ga gida mai ɗaki uku kusa da kasuwa. Bangon ɗaki ɗaya zai ɗauki littattafanka na Rumawa duka. Ban sa hannu ba, takardar hayar gurbi biyu gare ta."

Ka ga abin da ya faru ke nan. Ba ta dawo ba, ni aka zo ɗauka. Jiya aka cire allon ƙofar rajista, an fara shigo da kujerun. Na nemi fansho daga ƙarshen shekara. Uwargida Häberle ta tare ni a matakala ta ce, "Ashe kai ma birnin za ka?" Na ce mata aikin gwamnati ne.

Abin da ka rubuta game da fitila na karanta shi sau ɗaya na ninke. Ban saba tausayinka ba, sai na koya a hankali. Na dai lura ka ce "ko kuma ba duka ba", kuma ni mutum ne mai karanta ƙananan rubutu.

Saboda haka ga roƙona. Ka ɗauko wasiƙata ta Yuli, wadda ka ce ka ajiye wuri mai kyau. Kada ka yaga ta, mu ba ma goge komai. Ka nemi jan alƙalami na gaske, ba irin na na'urarku mai fitowa baƙi ba, ka ja layi ƙarƙashin abu na ɗaya. Ka ja ƙarƙashin na biyu, har da ƙararrawar, na yafe.

Na uku kuwa kada ka taɓa shi. Yana nan da ƙarfinsa, kuma daga watan Janairu maƙwabcin da kansa zai riƙa zuwa duba iyaka.

Yayanka,
Ottmar